Yadda Ake Kula da Jariri Mai Mura da Toshewar Hanci a Gida, Musamman a Sanyin Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos tsakanin Disamba da Janairu ya san sanyin garin ya sha bamban da na Kano ko Bauchi. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da doron teku, kuma idan hunturu ya kankama, ruwan randa da asuba sai ka ce daga firji aka ciro shi, ga busasshiyar iska, ga ƙura mai laushi da ke kutsawa ɗaki ko da an rufe taga. A irin wannan lokaci da wuya a rasa gida a Gangare, Unguwar Rogo, Rikkos ko Bukuru da jariri bai kwana yana fama da toshesshen hanci ba, uwarsa kuma idonta biyu har kiran assalatu. Haka abin yake a tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da ake wuni ana yayyafi, shanya ta ƙi bushewa.

Mun saba cewa sanyi ne ya kama yaro, ko kuma a ɗora wa uwa laifin shan ruwan sanyi. Abin da ke kawo mura ƙwayoyin cuta ne nau'in bairos, waɗanda jariri ke ɗauka daga hannu da numfashin mutanen da ke kewaye da shi: yayyensa da suka dawo daga boko ko islamiyya, 'yan barka, da masu karɓarsa hannu zuwa hannu ranar suna. Sanyi yana taimaka wa cutar ne ta wata hanya, domin yana sa a cunkushe a ɗaki ɗaya a rufe ko'ina, iskar hunturu kuma ta busar da cikin hanci. Mura takan yi kwana 7 zuwa 10, ta fi tsananta a kwanakin farko, tarin da ke biyo bayanta kuma yana iya kaiwa mako biyu ko uku. Babu maganin da ke kashe ta, na gargajiya ko na asibiti; jikin yaron ne ke yaƙarta har ya ci galaba. Saboda haka duk dabarar gida manufarta ɗaya ce, wato a buɗe masa hanci ya samu ya sha nono ya yi barci kafin jikinsa ya gama aikinsa. Jariri a watanninsa na farko da hanci yake yawancin numfashinsa, kuma idan ya kama nono bakinsa a cike yake, shi ya sa za ki ga ya kama ya saki, ya fashe da kuka, alhali yunwa yake ji.

Kafin a taɓa komai, a duba shi

Mataki na farko shi ne tabbatar da cewa wannan murar ta zaman gida ce. Idan jaririn bai kai wata uku ba kuma zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Salshiyas, babu batun dabarar gida, asibiti za a nufa a ranar, ko da dare ne. Wannan ne ya sa ma'aunin zafin jiki ya cancanci shiga cikin kayan haihuwa kamar yadda ake sayen bargo da baho, domin tafin hannun uwa yana yaudara, musamman a sanyin Jos inda hannun kowa a sandare yake.

Daga nan sai ƙirga numfashi, wanda a ganina shi ne ilimi mafi amfani da uwa za ta riƙe a wannan babi. Ki jira har ya natsu ko ya yi barci, domin ba a ƙirga wa mai kuka ko mai tsotso. Ki ɗage rigarsa, ki saita agogon waya minti ɗaya cif, ki ƙirga ɗagawar cikinsa, ɗagawa da sauka a matsayin guda ɗaya. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ma'aikatan ƙananan asibitocinmu ke aiki da shi, numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a minti ga wanda bai kai wata biyu ba, ko 50 ga ɗan wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar. Sabon jariri yakan yi numfashi a rarrabe, ya yi sauri ya sassauta, don haka idan kin samu 60 ki sake ƙirgawa. Ki kuma kalli ƙasan haƙarƙarinsa: idan yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, alama ce ta cewa abin ya sauka huhu. Idan adadin bai kai ba, haƙarƙari bai lotsa ba, yana shan nono ko da a hankali ne, kuma idonsa a buɗe yake yana kallon mutane, to ana iya ci gaba da kula da shi a gida, tare da maimaita wannan ƙirga safe da yamma da kuma tsakar dare.

Ruwan gishiri

Cikin duk abin da ake yi wa toshesshen hanci, babu wanda ya kai ruwan gishiri sauƙi da aminci. Aikinsa shi ne ya jiƙa busasshiyar majina ya tsinka ta, ta yadda za ta fito da atishawa ko a zuƙe ta ba tare da wahala ba. Ana sayar da shi a kantin magani cikin ƙaramar roba mai bakin ɗigawa, kuma ga jaririn da bai kai wata uku ba wannan ne ya fi, saboda tsabtarsa da daidaiton gishirinsa. Sai dai a karanta jikin robar, a tabbatar an rubuta sodium chloride 0.9% shi kaɗai, da lambar hukumar NAFDAC da ranar daina aiki. Akwai wasu magungunan ɗiga wa hanci na manya da ke kama da shi a ido, masu ɗauke da sinadarin da ke matse jijiyoyin jini, kuma waɗannan suna da haɗari ga jarirai.

Idan babu halin saye, ko murar ta taso cikin dare, ana haɗa shi a gida. Ki wanke hannu da sabulu. Ki tafasa ruwa mai tsabta sosai, ki rufe shi ya huce har ya koma ɗumi-ɗumi, sannan ki auni rabin lita, wato kwatankwacin ruwan leda guda. Ki zuba masa gishirin girki mai laushi cokalin shayi ɗaya a shafe, kada ya yi tozo, kuma gara ya ɗan gaza da ya zarce. Cokalin maganin yara mai mililita 5 ya fi cokalin kicin tabbas, tunda cokulanmu kowanne da girmansa. Ki motsa har gishirin ya narke ƙurmus, ki ɗanɗana a harshenki. Ɗanɗanon hawaye ake nema; idan ya kai gishirin miya ya yi yawa, zai yi masa raɗaɗi, sai a zubar a sake. Ba a ƙara masa kanwa, ko lemun tsami, ko tafarnuwa. A zuba a kofi mai murfi da aka wanke da ruwan zafi, kuma duk abin da ya kwana a zubar a haɗa sabo.

Lokacin da ya fi dacewa a ɗiga shi ne kamar minti goma zuwa sha biyar kafin ba da nono, da kuma kafin barcin dare. Bayan ya ƙoshi ba a yi, domin zai iya amayar da abin da ya sha. Ki naɗe hannuwansa cikin zani don kada ya buge miki hannu, ki kwantar da shi rigingine a cinyarki, kansa ya ɗan karkata baya kaɗan. Da abin ɗiga magani ko ƙaramin sirinji marar allura, ki sa ɗigo ɗaya ko biyu a kowace kafar hanci idan sabon haihuwa ne, biyu ko uku idan ya yi wayo, ba tare da bakin robar ya shiga ciki ba. Zai yamutsa fuska, wataƙila ya yi kuka, kuma wannan ba wani abu ba ne. Ki ba shi kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, sannan ki ɗaga shi ko ki juya shi gefe. Sau da yawa atishawa ɗaya ko biyu ke fitar da komai, sai dai a share.

Wasu iyaye mata sukan tatsa nono su ɗiga a hancin maimakon ruwan gishiri. Ɗigo ɗaya ko biyu na nonon da aka tatsa nan take da hannu mai tsabta ba ya cutarwa, kuma yana jiƙa majinar, amma yakan bushe ya yi danƙo, don haka ni dai ruwan gishirin na fi zaɓa.

Fitar da majina

Idan atishawar ba ta wadatar ba, sai a zuƙe. Akwai ƙaramar roba mai kama da albasa da ake sayarwa a shagunan kayan jarirai na Taminus da kantunan magani. Kuskuren da aka fi yi da ita shi ne a sa ta a hanci sannan a matsa, wanda ke tura majinar can ciki. Ana matse ta ne tun tana waje, a sa tsininta a bakin kafar hanci kawai, sannan a sassauta yatsu a hankali ta ja majinar, a ciro a matse a kan tsumma ko takardar share hannu, a koma ɗaya kafar. Kada a wuce sau uku ko huɗu a wuni, domin fatar cikin hancin jariri ba ta da kauri, yawan zuƙa yana kumbura ta, toshewar ta ƙaru, wani lokaci har da jini. Bayan kowane amfani a zuƙi ruwan sabulu mai ɗumi cikin robar a girgiza a matse, a ɗauraye, a kife ta ta bushe. Robar da aka bari da danshi a ciki takan yi funfuna ba tare da an gani ba.

Iyayenmu da baki suke tsotse majinar, kuma gaskiya tana fitowa. Illarta ita ce musayar ƙwayoyin cuta tsakanin bakin babba da hancin jariri, don haka wadda ke da mura, ko ƙuraje a leɓe, ko ciwon baki, kada ta yi. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne hura wa jariri iska a baki ko a hanci don majina ta fito. Haka kuma ba a tura tsinken auduga, ko ashana da aka naɗa wa auduga, ko farce cikin hancin. Majinar da ta bushe a bakin hanci a jiƙa ta da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ta yi taushi a share.

A nan ne man kaɗanya ke da babban amfani. Yawan shara da iskar hunturu suna tsattsage fatar ƙasan hanci da leɓen sama, kuma ɗan man kaɗanya mai tsabta, wanda ba a haɗa da turare ko wani abu ba, yana kare wurin. A shafa shi siriri a waje. Al'adar narka shi a ɗiga cikin hanci ita ce ya kamata a bari, domin mai yana iya gangarawa ta maƙogwaro zuwa huhu, huhu kuma ba ya iya fitar da mai, sai ya haifar da wani ciwon da ya fi murar. Hukuncin ɗaya ne ga man zaitun, man alayyadi, man ja, man habbatus sauda da basilin.

Nono

Jaririn da bai kai wata shida ba, nono ne abincinsa, shi ne ruwansa, kuma a cikinsa akwai garkuwar da jikin uwa ya haɗa kan ƙwayoyin cutar da ke yawo a gidan. Mai mura ba ya iya dogon tsotso, don haka a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, a ɗan ɗaga kansa sama da cikinsa yayin shayarwa, kuma idan ya saki don ya huta a ƙyale shi. Idan ya kasa kamawa, ki tatsa a kofi mai tsabta ki ba shi da ƙaramin cokali yana zaune a jikinki, ba tare da ɗura ba. Ba a ba shi ruwan ɗumi wai don ya wanke ƙirji. Wanda ya wuce wata shida ana iya ƙara masa kurɓin tafasasshen ruwa, da kunu mai ruwa-ruwa, da romo marar yaji. Ma'aunin da za ki gane ko yana samun isasshe shi ne fitsari: lafiyayyen jariri yakan jiƙa ƙunzugu ko famfas kamar sau shida a kwana ɗaya.

Uwa mai mura ba ta daina shayarwa. Ta yawaita wanke hannu, ta kau da kai idan za ta yi tari, ta rufe hanci da baki lokacin ba da nono idan da hali. Shayin citta da kanumfari da lemun tsami da zuma nata ne, ta sha ta ji daɗin maƙogwaronta, amma kada ko cokali ɗaya ya je bakin jaririn.

Iskar ɗaki, hayaƙi da sirace

Wannan ne wurin da al'adarmu da lafiyar jariri suka fi samun saɓani, kuma a Jos abin ya fi yawa saboda sanyi. Da magariba ta yi a kan shigo da kaskon garwashi ɗakin mai jego, a rufe ƙofa da taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutane cikin barci, jariri kuma shi ne farkon wanda take kamawa. Ba a kwana da kasko a ɗaki, ko da garwashin ya daina hayaƙi. Haka janareta, a nisanta shi da taga da ƙofar ɗakin kwana. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin itace daga madafa da hayaƙin taba duk suna ƙara kumbura hanyar numfashi. Na san ɗakin mai jego ba ya cika sai da ƙamshi, amma a turara kaya a wani ɗaki ko a tsakar gida, a jira hayaƙin ya wuce, a kuma kare yaro daga sauro da gidan sauro. Hayaƙin magani da ake yi wa yaro da sassaƙe ko ganye, ana kara fuskarsa a kai, shi ma hayaƙi ne ga huhunsa, kome kyawun niyyar mai yinsa.

Sirace kuwa na manya ne. Babba zai lulluɓa da bargo a kan tukunyar tazargade ko ganyen darbejiya, idan ya ji zafi ya ɗaga. Jariri ba zai iya ba, fatarsa tana ƙonewa da tururin da babba zai ji daidai, kuma zillo ɗaya ya isa ya kifar da tukunya. Idan ana son ya shaƙi iska mai danshi, a kai bokitin ruwan zafi banɗaki ko ƙaramin ɗaki, a ajiye shi a lungu nesa, a rufe ƙofa, uwa ta zauna da jaririn a jikinta a ɗaya gefen na kamar minti goma, ba tare da an zuba komai cikin ruwan ba. Sauƙin da yake kawowa na ɗan lokaci ne, amma yakan isa a samu ya sha nono. Abin da ya fi sauƙi a lokacin hunturu shi ne a jiƙa tawul a matse a rataya a ɗaki, a share ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, kuma a fitar da yaron kafin a fara kaɗe-kaɗe. Da hantsi, idan rana ta fito, a buɗe taga iska ta sauya.

Ɗumi, wanka da shafe-shafe

Ƙa'idar sutura ita ce a ƙara masa riga ɗaya a kan abin da babba ya ji ya ishe shi a wannan ɗakin. A Jos mukan wuce gona da iri: singileti, riga, suwaita biyu, hula, safa, shawul, sannan bargo. Ki sa hannu a ƙeyarsa ko ƙirjinsa. Idan da gumi, kaya sun yi yawa, a rage. Sanyin tafin hannu da ƙafa kaɗai ba ya nuna yana jin sanyi. Ga ƙaramin jariri babu ɗumin da ya kai a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufa musu zani, muddin uwar idonta biyu.

Mura ba ta hana wanka, sai dai a ɗaga shi daga sassafe zuwa hantsi, a rufe ƙofa, a gwada ruwan da gwiwar hannu, a gaggauta, a tsane shi nan da nan. Gashin da ake yi da tawul a sassauta zafinsa. Bayan wanka a murza man kaɗanya a tafin hannu ya narke, a shafa masa a ƙirji da baya da tafin ƙafa a hankali. Ba ya cire majina daga ƙirji kamar yadda ake faɗa, amma yana kare fata daga tsagewa, tausar kuma tana kwantar masa da hankali ya yi barci, wanda shi ma magani ne.

Man zafi mai mentol da kafur, irin wanda kusan kowane gida ke da kwalbarsa, ba na 'yan ƙasa da shekara biyu ba ne, ko a ƙirji, balle a hanci. Babba yana jin kamar hancinsa ya buɗe saboda sanyin da mentol ke sawa, amma a jariri yana iya ƙara majina ya takura numfashi, kafur kuma idan ya shiga jiki yana iya jawo jijjiga. A goyona na fari wata maƙwabciya ta lakata wa ɗana a ƙasan hanci da kyakkyawar niyya, ya yi ta kuka idanunsa suna zubar da ruwa har sai da na wanke masa da ruwan ɗumi. Akwai kuma wani dalili na daban: yara da yawa a Nijeriya, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma ƙwallon kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai da hoda mai mentol suna iya farfasa musu jini su kamu da shawara mai tsanani. Ba a ɗaura wa jariri dakakkiyar tafarnuwa a hannu ko ƙafa, domin tana ƙona fata. Yankakkiyar albasa da ake ajiyewa a lungun ɗaki ba ta cutarwa, ba ta kuma yin komai.

Wajen barci, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ƙarfi, ba matashi, ba a kife ba, ko da hancin a toshe yake. Matashi yana lanƙwasa wuyansa haɓarsa ta dafe ƙirji, numfashi ya ƙara wuya. Idan yana farke kuwa, a riƙe shi a tsaye a kafaɗa ko a goya shi, a tabbatar fuskarsa tana gefe kuma mayafi bai rufe ta ba.

Abin da ba ya shiga bakinsa

Babu mai musun darajar zuma a wurinmu, amma ba a ba wa yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ko lasa ce, ko a ruwa, ko a kan nono. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim, wadda hanjin babba ke iya shawo kanta amma na jariri bai iya ba, kuma tana shanye jiki har ta kai ga tsokar numfashi. Tafasawa a gida ba ta kashe ta. Da zarar ya cika shekara, rabin cokalin shayi kafin barci yana rage tarin dare sosai. Dauri, jiƙe-jiƙen sassaƙe, ruwan tafarnuwa, ruwan kanwa da man ja da sukari duk a jinkirta su. Babu mai iya auna ƙarfin abin da ke cikinsu, ƙodar jariri da hantarsa ba su ƙosa ba, ɗura kuma tana iya sa ya shaƙe.

Na kemis ma ba a sake da shi ba. Maganin tari da mura na ruwa ba ya amfanar jarirai, wasu kuma suna sa su barcin da ke ɓoye alamun haɗari. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na antibayotik ba ya taɓa bairos, kuma majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore bayan kwana biyu ko uku ba dalili ba ne na fara shi, haka mura take tafiya. Waɗanda suka yi goyo a 2008 ba su manta da maganin haƙori na My Pikin ba, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda ya hallaka yara aƙalla 84 a ƙasar nan, kuma a 2022 an ga makamancin haka a Gambiya da magungunan tari, inda yara kusan 70 suka rasu. Farasitamol na yara kaɗai ne ke da gurbi, ga wanda ya wuce wata uku kuma zazzaɓi ya hana shi sakat, a kan adadin da ma'aikacin lafiya ya faɗa bisa nauyinsa, ba fiye da sau huɗu a awa 24 ba. Asfirin ba na yara ba ne. Kuma a ƙasarmu duk zazzaɓin yaro yana bukatar gwajin maleriya, ko da ga majina ana gani.

Idan aka ce beli ne ke sa shi tari, wai a kira wanzami ya yanke, kada a yarda. Belin wuya halitta ce da kowa ke da ita, yanke shi ba ya warkar da tari, yana kuma jawo zubar jini da shigar cuta, har da tetanus, ga yaron da dama numfashi ke yi wa wuya. Haka tsagar ƙirji. Sau da yawa kaka ce ke kawo waɗannan shawarwari, kuma ƙauna ce ta sa, don haka musu a gaban mutane ba ya haifar da ɗa mai ido. Abin da na ga yana aiki shi ne a ba ta nata aikin: "Inna, ga man kaɗanyar, hannunki ya fi nawa iya tausa, zumar kuma mu ajiye masa sai ya yi shekara, haka suka ce a asibiti." Inda maganar ta fi ƙarfin suruka, maigida ne ya kamata ya faɗa wa mahaifiyarsa da bakinsa.

Inda aikin gida ya ƙare

Wasu murar sukan sauka ƙirji a kwana na uku zuwa na biyar, musamman wadda wani bairos da ake kira RSV ke kawowa, wasu kuma su rikiɗe su zama nimoniya, wadda muke kira sanyin haƙarƙari. A tafi asibiti ba jira idan numfashi ya kai adadin da aka ambata, ko haƙarƙari yana lotsawa, ko kafofin hancinsa suna buɗewa da kowane numfashi, ko yana nishi, ko numfashin yana ɗaukewa. Haka idan harshe da dasashi sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ko ya ƙi nono, ko yana shan ƙasa da rabin abin da ya saba, ko yana amayar da komai, ko ya yi awa takwas bai yi fitsari ba, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi laushi ba ya farkawa da sauƙi, ko ya yi jijjiga. Sabon jariri da jikinsa ya yi sanyi ƙalau duk da sutura shi ma na gaggawa ne. Bakwaini, da mai ciwon zuciya, da mai sikila, ba a jira musu waɗannan alamu, tun farkon murar ake nuna su. Murar da ta wuce kwana goma ba sauƙi, ko kunne ya fara zubar da ruwa, ko tari mai zuwa a jere har ya shiɗe, su ma a kai a duba.

Da rana asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya isa a fara da shi. Idan numfashi ne ya yi tsanani, a wuce kai tsaye inda ke da sashen gaggawa na yara da iskar oksijin, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko asibitin Jankwano. Yana da kyau tun da rana maigida ya tanadi lambar mai mota ko mai Keke a unguwa, domin irin wannan hali ya fi tasowa cikin dare. A hanya a rufe shi da zani ba tare da an rufe fuska ba, a ci gaba da ba shi nono idan yana karɓa, a tafi da kwalbar duk abin da aka ba shi, na kemis ko na gargajiya, a kuma faɗi gaskiyar adadin da lokacin.

A ɗauki katin riga-kafinsa ma. Allurar Penta da ta PCV, waɗanda ake yi kyauta a mako na 6, na 10 da na 14, suna kare yaro daga tarin shiƙa da manyan ƙwayoyin da ke kawo nimoniya, ta ƙyanda kuma tana zuwa a wata tara. Ƙaramar mura ba ta hana yin su, don haka idan ranar ta zo yana da majina amma yana shan nono yana wasa, a kai shi, ma'aikaciyar ta duba shi ta yi masa.